Ki Shirya Ɗakinki Tun Ido Yana Gani

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai.

Wannan takarda ta fito daga bakin mahaifiyarki Hawa a Tabotaki, ta bi ta hannun kawunki Malam Isuhu, shi ne mai alƙalami, zuwa ga ɗiyata Habsu a Madawa. Ina gaishe ki gaisuwar uwa. Ina gaida mai gidanki, wanda na san shi zai karanta miki. Ina gaida ƙawata, jikata Mariyama, ko da yake ba ta kai sanin ana gaishe ta ba. Allah ya sa kun sauka lafiya, ya sa ƙasar da kuka taka ta karɓe ku, ya tsare ku daga sharrin da ake gani da wanda ba a gani.

Bayan haka, kada ki kasa kunne don jin labarin gari. Wadda ta haihu ta haihu, wanda ya mutu ya mutu, masu zuwa kasuwa za su kai miki. Takarda ta yi wuya tun da Nasara suka shiga yaƙinsu, kawunki ya ce in taƙaita. Na ce masa ya dai jiƙa tawada da yawa, don maganar nan ba ni da wata ranar yin ta.

Habsu, idonki ya kama hanyar da nawa ya bi. Na san abin da za ki ce, shi ne wanda kika saba faɗa: "Hayaƙi na, Inna, ba komi." Ni ma hayaƙi na yi ta ɗora wa laifi, har ranar da na nemi hayaƙin na daina ganinsa. Ranar tafiyarku, da kika durƙusa na shafa kanki, hannuna ya sauka a wuyanki, na ji matsefata rataye da zare. Mace ba ta rataya matsefata a wuya don ƙaya. Gashin ido ne ya fara komawa ciki yana sukarki, kina cirewa a ɓoye yana sake tsirowa. Na san hanyar nan tun daga bakinta har inda take ƙarewa, a ƙarshenta nake zaune yanzu, ba na rarrabe komai sai haske da duhu. Ban san tsawon lokacin da ya rage miki ba, Allah ne masani. Abin da na sani, kin shiga sabon gida da sauran gani a idonki, kuma irin wannan dama ce na samu na zubar. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka zan gaya miki yadda na yi, ko da surukina yana ji.

Tun ina amarya nake cewa zan gyara gida. Da damina in ce bari a gama noma. In an yi girbi in ce bari a kai hatsi rumbu. Sai sanyi ya shigo, sai azumi, sai salla, sai rijiya ta ja baya mu wuni a bakinta, kafin in waiwaya hadari ya haɗo a gabas. Babanki, Allah ya jiƙansa, har suna ya sa mini. In ya shigo ya yi tuntuɓe da taɓarya a bakin ƙofa, sai ya tsaya yana murza ɗan yatsa ya ce, "Sannu Bayan-kaka, yau ma ranar ba ta zaka ba?" In yi dariya, shi ma ya yi. Ni ba malalaciya ba ce, ke shaida ce, babu macen da ta riga ni zuwa rijiya a unguwarmu. Amma ido yana rufa wa mai watsa kaya asiri. In na ajiye ludayi a kan danga, wuƙa a cikin turmi, gishiri a ƙarƙashin gado, kallo ɗaya zan yi in gano su. Ban taɓa zama na yi tunanin cewa aron idon nan aka ba ni ba.

Sau ɗaya na yi zuciya. Gwaggonki Tsahara ce ta tsokane ni, na rantse ranar sai na gyara gidan nan kaf. Da hantsi na fitar da duk abin da ke ɗaki na zube a tsakar gida, har da gadon kara. Kafin azahar na gaji. Na zauna a tsakiyar kayan, in ɗaga wannan in tuna wadda ta ba ni, in ɗaga wancan in ce zai yi amfani wata rana. Da la'asar hadari ya taso da iska, na yi ta kwasa ina jefawa ciki ba ji ba gani. Ɗakin ya koma ya fi da lalacewa, ni kuma na samu hujja, na ce ai na gwada.

Don haka kada bakinki ya ce "zan gyara gida". Gida kalma ce mai faɗi, wadda ta faɗe ta ba ta ɗauki alkawarin komai ba. Ki ce, daga wannan kasuwa zuwa mai zuwa, murhu. Shi kaɗai. Ki faɗa a gaban wanda zai tambaye ki in ranar ta zo, don niyyar da aka bari a ciki ba ta jin kunyar kowa. Da wuta za ki fara, saboda Mariyama ta kusa rarrafe. Ki zaɓi gefen da itace zai zauna, gefen da za ki riƙa sauke tukunya mai zafi, da ramin bango inda wuƙa za ta kwana, sama da inda hannun yarinya zai kai. In kin zaɓa kin zaɓa ke nan, ko daga baya kin ga wani wuri ya fi kyau kada ki sauya. In murhu ya zauna, kasuwa ta gaba ki koma kan randa da moɗa. Bayan su kayan miya. Bayan su hanyar da ta tashi daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida, kada a bar ko tsinke a kanta. Kafin ruwan farko ya sauka ina so a ce kin gama waɗannan, sauran su biyo a hankali.

Akwai abin da ya fi jinkiri yi mini ɓarna, shi ne rashin iya zubarwa. Ba haka aka haife ni ba. Shekarar fara ce ta mai da ni haka, lokacin kina 'yar ƙarama ba ki wuce riƙe bakin zanena ba. Fara ta sauka ta bar mana kara tsaye. Ƙoren aurena da tasoshina duk na bayar a bakin dusa, muka ci anza, ɗan itacen daji mai ɗaci, muka tona gidan tururuwa muna neman ƙwayar hatsi. A sakaina nake dama miki abin da na samo. Da Allah ya kawo sauƙi, sai hannuna ya ƙi sakin komai. Fasasshiyar ƙwarya in ce zan kai wa mai gyartai. Tulun da ya huje in ce zai yi ajiya. Tsumma, tsingaro, guntun igiya, tsohuwar tabarma, duk suna da ranarsu a wurina. Gwaggonki takan leƙo ta kama haɓa ta ce, "Ke Hawa, tarkacen ga naki, in kin mutu wa ka gadonai?" In ce mata wanda bai ga abin da na gani ba shi ke zubar da sakaina, alhali tare muka gani.

Ana nan ido ya fara hazo. Ban gaya wa kowa ba. Wata bazara babanki ya sussuke irin geronsa, wanda ya gada wurin kakanki, wanda yake zaɓen zangarniyarsa ɗaya-ɗaya tun a gona. Ya zuba a tulu, ya kawo ɗakina saboda awaki, ya nuna mini ya ce ga iri nan. Na ce na gani, alhali inuwa kawai na gani. Bayan 'yan kwanaki na matsar da tulun don in samu wurin cusa wata tsohuwar tabarma, ya shige cikin 'yan'uwansa, su kuwa duk kamarsu ɗaya a hannu. A ɗaya daga cikinsu nake ajiye hatsin da aka ɗebo mini daga rumbu. Na yi ta ɗiba ina daka fura, har ina yaba kyan hatsin. Ranar da ruwan shuka ya sauka, gari ya ɗauki murna, kowa ya saɓi sungumi, babanki ya shigo da sauri ya ɗaga tulunsa ya ji shi sakayau. Ya ce, "Wane tulu kika ɗiba kwanan ga?" Na lalubo na nuna masa.  Sai ya ce, "To. Mun canye baɗi." Ya ajiye tulun a hankali ya fita.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ranar da kowa yake gonarsa, shi yana bin gidaje yana roƙon iri, dattijo da gemunsa. Abin da ya samo gauraye ne, ya shuka a makare, shekarar muka ƙarasa ta da taimakon dangi. Irin kakanki ya fita daga gidanmu ke nan, ta cikin turmina. Har ya koma ga Allah bai sake tayar da maganar ba, bai kuma sake kirana Bayan-kaka ba. Na yi kewar sunan nan fiye da yadda zan iya gaya miki.

Ki ji ni da kyau. Abin da ya fashe, ko ya tafi wurin mai gyara a kasuwar da ta fi kusa, ko ya tafi juji. In kasuwa ta wuce yana ɗaki, ƙarya kike yi wa kanki, fitar da shi. Na san zai yi miki ciwo, jinina ne a jikinki, na sha jin ki kina ɓoye guntun zare a cikin rufin ɗaki. Amma kowane abu marar amfani da kika bari, wata rana sai hannunki ya bi ta kansa kafin ya kai ga mai amfani. Abu biyu kuma da suka yi kama, in rikita su zai jawo kuka, ki raba su ta yadda hannu zai gane ba tare da ido ba. Ki ɗaura wa ɗaya igiyar kaba a wuya, ki yi wa gora tsaga da wuƙa, ki sa kanwa a abin da bai yi kama da na gishiri ba. Iri kuwa kada ya kwana ɗaki ɗaya da abinci, ko wa ya kawo shi.

Shara ma na yi ta, amma don idon mutane na yi. In an ce baƙi za su zo, ko za a yi suna, sai in share tsakar gida fes har in yi mata zane da tsintsiya, in tura dattin bayan ɗaki inda turken awaki yake. A jikin bangon ɗakin da muke kwana nake ɗaure su, don in riƙa jin motsinsu saboda kura. Ƙuda kuwa ba a magana, har mun daina korarsa. Da ciwon ya tsananta, babanki ya ɗora ni a jaki muka sauka Madawa, garin da kike yanzu, wurin lokotoro, wato likita. Wani saurayi ne baƙar fata mai farar riga. Ya buɗe idona ya duba, ya ce nawa ya yi nisa, sai dai a rage zafi. Ya tambaya ko ina da yara, na ce ina da ɗiya. Ya ce in raba dabbobi da ɗakin kwana, in wanke miki fuska kowace safiya, kada in share idonki da abin da na share nawa. Sai da muka fito daga wurinsa na buɗe baki. Na ce wa babanki, "Ni za a ce ma ƙazama? Wanga yaro da bai san tsawon igiyar rijiyarmu ba? Ruwan da munka jawo da jini shi za mu zuba ma ƙasa?" Babanki ya ce a gwada mana. Na ce ba a gidana ba.

Ban gwada ba, Habsu. Awaki suka ci gaba da kwana a jikin bango. Da bakin zanen da nake share ruwan idona nake share naki, tandun kwallinmu ɗaya, ni da ke. Ban sani ba ko gaskiya yaron nan ya faɗa. Kawunki ya ɗaga alƙalami yanzu ya ce in faɗi cewa komai rubutacce ne. Na faɗa, kuma na yi imani. Amma tun ranar da na taɓa matsefatar nan a wuyanki, maganar yaron take dawo mini, kuma ba ta bar ni na ji daɗin abinci ba. In har ni na sa miki, to ban da abin da zan biya ki da shi, sai dai in ce ki yafe mini.

Ke dai kada ki yi girman kan da na yi. Turke ya yi nisa da ɗaki, ko da za ki rasa akuya. Juji ya fita bayan danga. Ki ware ɗan ƙoƙo na wanke fuskar Mariyama, ruwan da zai ci bai kai wanda kaza take sha ba. Na san tufa ta yi tsada, duk da haka ki yage ƙyalle biyu, naki daban nata daban, ki yi wa nata ƙulli a gefe don ki gane shi ko ba ki gani. Lokotoro kuma yanzu yana kusa da ke, ba sai an ɗaure wa jaki kaya ba. Ki je. Ban ce zai warkar da ke ba, ni ban ga wadda ta warke ba, amma ki je ya faɗi abin da zai faɗa, ki kuma yi shiru ki saurara.

Wani laifin a kanki na yi shi kai tsaye. Da ido ya tafi, maimakon in koya wa hannuna ɗakina, sai na mai da ke idona. "Habsu, ina mara? Habsu, miƙo muciya. Habsu, wannan kuka ce ko kuɓewa?" Sa'o'inki suna dandali suna gaɗa, ke kina tsugune kusa da ni kina jiran abin da zan nema. Ko da aka yi miki aure, da yake gidan mijinki danga ɗaya ce ta raba mu, ban daina ƙwala miki kira ba, kina da ciki ma kina tsallakowa. Na ji daɗin haka, ban ɓoye miki ba. Ya fi mini sauƙi in kira ki da in yi lalube a gaban mutane. Na manta cewa ɗiya ta wani gida ce, kuma miji yana iya tashi da iyalinsa duk inda abinci ya kira shi, kamar yadda naki ya yi, kuma bai yi laifi ba.

Kada ki yi wa Mariyama haka. Tun yanzu, da rana tsaka, in kin gama gyara wani gefe, ki rufe idonki ki yi aikin wurin. Ki ɗebo ruwa ido a rufe, ki nemo gishiri, ki je bayan gida ki dawo. In maƙwabta sun gani sun yi dariya, su yi. In hannunki ya yi kuskure, ki buɗe ido ki ga inda ya ɓata, wannan shi ne gatan da kike da shi yau, wanda ni ba ni da shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni sai da duhu ya rufe sannan na fara koyo, kuma mai koyo a cikin duhu da goshi da ƙauri yake biya.

Yanzu zan faɗi abin da na so in haɗiye, amma in na haɗiye ba za ki gane sauran ba. Kafin ku tashi, kin lallashe ni na je na wuni gidan Gwaggonki. Kika tara ƙawayenki kuka shiga ɗakina. Kuka fitar da tarkacen shekaru, kuka yi sabon daɓe, kuka shafe bango da farar ƙasa, kuka jera ƙore a kan ragaya. Da yamma kika riƙo hannuna kika shigo da ni, muryarki cike da murna, kika ce, "Inna, taɓa ki ji, ɗakinki ya koma awa na amarya." Na taɓa. Na ji ƙanshin sabuwar ƙasa. Na sa miki albarka, kuma har zuciyata na sa, don ban taɓa samun kyauta irin wannan ba.

Amma Habsu, ɗakin da kuka fitar shi ne kaɗai wanda na sani. A cikin wannan hargitsi, bayan shekaru ina cin karo, ƙafata ta san cewa in ta taɓa fasasshen tulu, randa tana dama. Hannuna ya san in ya wuce tsohuwar tabarma zai sami goran gishiri. Mummunan tsari ne, amma shi na haddace. Washegarin tafiyarku na tashi zan sha ruwa, na miƙa hannu inda moɗa take, na kama iska. Na bi bango ina shafawa, ko'ina sumul, babu abin da zai gaya mini inda nake. Na zauna a tsakiyar ɗakin da aka kawo ni ina amarya, na rasa gabas. Kunya ta hana ni kira, ina nan zaune har Gwaggonki ta leƙo da hantsi ta ce, "Hawa, mi kika yi nan ƙasa?" Na ce hutawa nake. Mata suna ta shigowa kallo suna cewa Habsu ta yi abin kirki, ni kuwa ina amsawa, ina jiran su fita in ci gaba da neman ludayina.

Ban faɗi wannan don ki yi kuka ba, ke alheri kika yi, kuma dattin da kika fitar ya cancanci fita tun kafin a haife ki. Na faɗa ne don ki san gyaran ɗaki yana da lokacinsa, in ya wuce ko ɗiyar da ta fi kowa sonki ba ta iya yi miki. Hannun da zai yi amfani da kaya shi zai ajiye su, kuma tun ido yana nan yana nuna masa. Ni ina sake koyo, amma kaina ya tsufa, abin da na gano yau gobe ya gudu. Ba na jin zan ƙara sanin ɗakin nan kamar da.

Ku kuma, surukina, da kuke karantawa, ku gafarce ni, ba al'ada ba ce in yi muku magana haka gaba da gaba, larura ce. Na ba ku amanar mace mai ƙoƙari, amma idonta ba zai raka ta har tsufa ba, gara ku ji daga bakina. Ina roƙonku abu kaɗan. In ta ajiye abu, a bar shi inda ta ajiye. In kun ɗauki wuƙa ku mayar raminta. Ku ja ɗan gini ku kewaye murhu saboda yarinya, ku kafa turke nesa. In kun shigo kun tarar da ita tana yawo ido a rufe, kada ku ce ta haukace, ni na sa ta. In kuma ranar da ta sa wa wani aiki ta zo ba ta yi ba, ku tambaye ta, kada ku mai da abin wasa. Mijina mutumin kirki ne, ya mai da nawa wasa don kada raina ya ɓaci, ga inda wasan ya kawo mu.

Saura magana ɗaya, Habsu, wadda kika kasa faɗa mini kika bari a bakin Gwaggonki. Ta ce kin ce in an yi girbi za ki aiko da jaki a ɗauke ni in zauna wurinki. Na ji, na kuma yi kwanaki ina juya maganar, don babu abin da raina yake so kamar in ji Mariyama a cinyata. Amma kada ki aiko, ba zan hau ba. Na san kaina, na kuma san ki. In na zo gidan da ban taɓa gani ba, kwana biyu ba za a yi ba zan fara, Habsu ina kaza, Habsu kai ni wuri kaza, ke kuma za ki saki abin da ke hannunki ki taso, kamar yadda kika saba tun kina yarinya. Murhu zai jira, randa za ta jira, ki ce bari Inna ta saba tukuna. Ranar da za ki waiwayi ɗakinki, hasken ya ƙare, mu zama makafi biyu a gidan da babu wadda ta san shi, da yarinya tana rarrafe tsakaninmu da wuta. Na ci ƙuruciyarki, ba zan ci sauran ganinki ba.

A nan kawunki yana ba ni hatsi, Gwaggonki tana leƙo ni tana yi mini faɗa, ba zan mutu da yunwa ba. In Allah ya sa kin zo ganin gida wata shekara, ki zo ki zauna kusa da ni mu yi hira, kada ki taɓa tsintsiya. In kuma ba mu sake haɗuwa ba, na yafe miki duniya da lahira, dama ba ki yi mini komai ba.

Allah ya tsare ki a ɗaki da waje, ya tsare ki daga wuta da bakin rijiya da kaifin wuƙa. Allah ya ba mai gidanki haƙuri da buɗi. Allah ya raya Mariyama, ya bar mata idonta har ta ga jikokinta, ya sa abin nan ya tsaya a kanmu kada ya kai gare ta. Ke kuma Allah ya ja miki kwanakin haske, ya sa su ishe ki ki gama. In an naɗe takardar nan kada ki zauna kuka, kuka yana ƙara wa idon ciwo. Ki tashi ki je wurin murhu tun rana ba ta faɗi ba.

Wassalam. Daga mahaifiyarki, Hawa.